Injin Takarda da Gonar Gado

Takarda baƙuwa ce a ƙasarmu, kuma ta daɗe tana baƙunta. Ko sunan nata ma, masu nazarin harshe sun ce daga bakin Buzaye muka karɓe shi, su kuma daga can gaɓar Bahar Rum ya iso musu. A zamanin da ayarin raƙuma ke tasowa daga Tarabulus, su ratsa Gat da Agadas, su yada zango a nan Damagaram kafin su wuce Kano, cikin kayansu har da damman takarda. Mafi yawanta a Italiya aka yi ta, da tsummoki, kuma in ka ɗaga ta ga hasken rana za ka ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikinta. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya lissafa ta cikin hajar da ake kawowa daga arewa. Da yawa daga cikin Alƙur'anan hannu da ke cikin gafakar kakanninmu a kanta aka rubuta su. Almajiri kuwa allo ne nasa, ya rubuta ya wanke ya sake rubutawa. Sai wanda ya kai ga rubuta Alƙur'ani da ka ake danƙa wa takarda, don ba abin wasa ba ce.

Yau raƙuma sun huta, manyan motoci sun karɓe su, amma labarin yana nan yadda yake. Kaye ɗin da yaro ke ɗauka zuwa lakwal, da takardar da likita ke rubuta magani a kai, da wadda nake riƙewa in karanta labaru a gidan radiyon da nake aiki, duk daga wata ƙasa aka yo su. A wurin aikinmu ba a yar da takarda sai an ci gabanta an ci bayanta, daga nan ta wuce wurin mai ƙosai a bakin ƙofa. Duk wanda ya taɓa sayen kayan komawa makaranta na yara huɗu ko biyar a watan Oktoba ya san nauyin abin a aljihu.

Saboda haka ban yi mamaki ba da ƙanena ya zo mini da maganar injin takarda. Shi makanike ne, yana gyaran injin niƙa da janareto, kuma hannunsa na da albarka. Wani dare bayan isha'i ya miƙo mini wayarsa. Bidiyo ne na wani kamfani a ƙasar Sin: ana zuba kara ta wannan baki, ƙarafa na juyawa, ta ɗaya bakin farar takarda na fitowa tana naɗe kanta kamar bandirin yadi. Minti uku ne duka.

Ya ce, "Yaya, dubi karan da ke zube a gonaki bayan girbi. Kuɗi ne muke takawa. Na yi magana da su, sun turo mini farashi. In aka sayar da gonar Baba ta hanyar Mirya, kasona da naki da na Inna sun isa kuɗin injin da na jirgi."

Gonar nan ita kaɗai mahaifinmu ya bar mana, kuma daga cikinta geron gidanmu ke fitowa. Na kuma san abin da bai faɗa ba: abokansa biyu sun riga sun bi hanyar Agadas zuwa Libiya, shi ma ya fara tambayar kuɗin mota. In na ce a'a kai tsaye, na tura shi sahara. In na ce to, na sa hannu an sayar da rumbun Inna. Ita kuwa Inna, da aka kai mata maganar, ba ta kalli bidiyon ba ma. Cewa ta yi, "Ni ban san inji ba. Amma ubanku bai taɓa sayen dabba ba sai ya san abin da za ta ci, da inda za ta sha, da inda za a zuba kashinta."

Na roƙi ƙanena wata biyu. Tambaya ita ce sana'ata, sai na ɗauki tambayoyin Inna guda uku na shiga nema, a littattafai da intanet da bakin waɗanda suka karanci haɗa sinadarai. Abin da na samo shi nake son in raba da ku, domin na tabbata ba wayar ƙanena kaɗai wannan bidiyo ya shiga ba.

Farkon abin da na gane shi ne, abin da muke kira injin takarda jerin injuna ne, kuma mai fitar da farar takardar nan shi ne na ƙarshe. Kowane kara ko itace zare ne siriri-siriri da Allah ya manne da wani irin ƙaro mai suna liginin. Duk aikin shi ne a raba zaren da wannan ƙaro, a dama shi da ruwa ya zama ƙullu, a shimfiɗa ƙullun ya bushe. Masu tufkar igiya a karkara sun san rabin wannan ilmi, don sukan tsoma rama a tafki kwana da kwanaki har bawon ya saki. Rina ma ta sani: tana tauna itace da yawunta ta gina sheƙarta, kuma wani masani Bafaranshe, Réaumur, ya rubuta tun 1719 cewa in aka kwaikwayi rina za a iya yin takarda da itace. Sai a 1844 wani Bajamushe mai suna Keller ya ƙera injin da ke goga itace a jikin dutsen niƙa ana zuba ruwa. Kafin nan tsumma ne abincin masana'antun takarda na Turai, da turmi da taɓarya masu aiki da ƙarfin ruwa ake kirɓa shi, sannan mutanen Holan suka ƙirƙiro wani kwarkwaro mai wuƙaƙe da ke juyawa cikin kwami yana tsefe shi.

Hanyar Keller ba ta cire ƙaron, shi ya sa takardar jarida ke yin ja ta yi ƙamas in ta sha rana. Mai son takarda mai ƙwari sai ya dafa. Ga yadda jerin yake in kara za a sarrafa. Da farko injin sara, ya daddatsa shi gutsu-gutsu. Sai injin da zai kakkaɓe ƙasa ya fitar da totuwa, don totuwa ba ta da zaren kirki, sinadari kawai take sha. Sai tukunyar dahuwa, wata ƙatuwar randar ƙarfe da ake rufewa ruf, a zuba soda irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, a tura tururi har zafi ya kai digiri 150 zuwa 170. Wannan tururi kuma tukunyarsa daban, da makamashinta. In kara ya nuna sai a wanke, a tace ta rariyoyi, a niƙa tsakanin fayafayan ƙarfe biyu, a sa sinadarin da zai faranta shi in fara ake so. Sannan ne ƙullun zai hau injin ƙarshe, wanda asalinsa wani Bafaranshe mai suna Louis-Nicolas Robert ya ƙirƙira a ƙarshen ƙarni na 18. A lokacin da ƙullun ke zuba kan ragar da ke gudu, kashi 99 cikin ɗari ruwa ne. Raga ta tsane, naɗoɗin ƙarfe su matse, wasu gangunan ƙarfe masu zafi su busar. Da na koma kan farashin da aka turo wa ƙanena, sai na ga injin sara ne da na niƙa da ƙaramin injin shimfiɗa. Tukunyar dahuwa da ta tururi da sauran, cewa aka yi sai an yi magana.

Takardar buhun siminti da mahauta ke naɗe mana tsire da kilishi a ciki, ita ma ƴar dahuwa ce. Wani Bajamushe, Carl Dahl, ya gano hanyarta a 1879, kuma sunanta kraft, wato ƙarfi da Jamusanci. Ita ce hanyar da mafi yawan manyan masana'antun duniya ke bi yanzu.

To, tambayar Inna ta farko: me zai ci? In an dafa kara, fiye da rabinsa narkewa yake ya bi ruwa. Kafin a sami tan ɗaya na ƙullu sai an ci wajen tan biyu da rabi na busasshen kara. Kara kuwa ba nauyi sai cika wuri. Amalanke ya yi tozo, amma in aka ɗora a sikeli abin dariya ne. Sau ɗaya ake girbi a shekara, inji kuma kullum yake son ci, don haka sai an tara na wata goma sha biyu a tsare shi daga gara da gobara da ruwan sama. Babbar magana ma ita ce, wa ya ce kara shara ne? Wanda ya faɗi haka bai yi bazara a ƙauyenmu ba. Da an gama girbi manomi ke ɗaure karansa ya ɗora a kan itace ko rufin ɗaki. Da shi ake darni, da shi ake gadon kara, da shi ake hura wuta, tokarsa ta shiga miya. In watan Afrilu da Mayu suka zo, ciyawa ta ƙare, dami ɗaya na karan dawa kuɗi ne a hannu, makiyayi na neman sa ido rufe. Wanda aka bari a gona kuma shi ke riƙe ƙasa kada iska ta kwashe, gara ta cinye shi ya koma taki. Duk masana'antar da za ta ci kara a nan, da saniya da tunkiya za ta yi takarar farashi, kuma a shekarar fari saniya ce za ta ci kasuwa.

Tambaya ta biyu: me zai sha? Ko masana'antun Turai na zamani, masu juya ruwansu su sake amfani da shi, tan ɗaya na farin ƙullu na fitar da ruwa lita dubu 25 zuwa dubu 50. A lissafinmu na gida, bido dubu ke nan mai cin lita 25, a mafi ƙaranci. Ni da aka haifa a Damagaram, da na yi layin famfo da asuba tun ina ƙarama, da har gobe nake sayen ruwa a hannun ƴan ga-ruwa in zafi ya yi zafi, ba sai an yi mini dogon bayani ba. Kusan duk masana'antar ƙullu da na bi labarinta, a bakin babban kogi na same ta.

Tambaya ta uku ita ce wadda bidiyon bai nuna ba ko na daƙiƙa ɗaya. Ƙaron nan da ya narke cikin soda yana fitowa ne baƙi ƙirin, mai kauri, mai wari. Manyan masana'antu suna ƙafar da wannan baƙin ruwa su ƙone shi a wata tukunya ta musamman, su sami tururi da lantarki, su kuma mayar da sodarsu. Wannan tukunya na cikin mafi tsadar kayan masana'antar baki ɗaya, ƙaramin mai jari ba ya iya ta. Ga shi kuma kara da tattaka suna da wani sinadari mai kama da yashi, silika, wanda ke daskarewa ya toshe bututu. Ƙasar Sin da kanta ta ɗanɗana. Ƙananan masana'antu masu dafa karan alkama sun yi ta zuba baƙin ruwansu a kogin Huai har ruwan ya gagari sha, kifi ya mutu, sai da gwamnati ta ba da umurnin a rufe duk wadda ba ta kai tan 5,000 a shekara ba, wa'adi 1996. Girman injin da ake tallata wa ƙanena bai kai ko kusa da waɗanda aka rufe ba. Na tambaye shi: a wane tafki za mu zuba namu? Wanda shanun unguwa ke sha, ko wanda ke kusa da rijiyar masu lambu?

Maƙwabtanmu ma sun gwada, da kuɗin gwamnati, ba da kuɗin gonar gado ba. Najeriya ta gina uku: ta Jebba a bakin kogin Kwara, wadda ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1960, da ta Oku Iboku mai takardar jarida, da ta Iwopin. Dukkansu sun durƙushe, aka sayar da su ga ƴan kasuwa, kuma har yanzu Najeriya shigo da mafi yawan takardarta take yi. Cikin dalilan akwai dogaro da sinadarai da kayan gyara da ƙullu mai dogon zare da sai an sayo da kuɗin waje. Kamaru ta gina Cellucam a Edeya, a bakin kogin Sanaga, ga daji ga ruwa ga lantarki, amma ba ta yi shekara uku tana aiki ba a farkon shekarun 1980 ta tsaya, ta bar ƙasar da bashi. Inda abin ya zauna da gindinsa, kamar Kena a Masar da jihar Tamil Nadu a Indiya, tuƙar rake suke sarrafawa, kuma masana'antar sukari ta riga ta tara musu ita wuri guda. A Kasirin ta Tunisiya kuwa ciyawar alfa suke dafawa, wadda ke fitowa da kanta a dajin yankin, mutane na tsinkowa suna kawowa. A ko'ina abincin ne ya riga injin zuwa.

Cikin wannan nema na gamu da abin da ya faranta mini rai. Ramar nan da muke shukawa a gefen gona, mu yi kwaɗo da ganyenta, mu tufka igiya da bawonta, tana cikin tsirran da masana suka fi yabawa wajen takarda. Ma'aikatar gona ta Amurka ta gwada tsirrai wajen 500 tana neman madadin itace, rama ce ta fito gaba, har wata jarida a jihar Kaliforniya ta buga fitowarta a kan takardar rama a 1987. Cikin wata huɗu zuwa biyar take kai girbi, bawonta na da dogon zare, irin wanda Jebba ta riƙa sayowa daga waje. Amma ita ma da darasinta. A Khon Kaen ta ƙasar Tailan an gina masana'anta don rama a farkon shekarun 1980, daga baya sai ta koma gora da itacen turare, saboda ramar ba ta isowa yadda ake buƙata. Manomi abin da ya fi masa riba yake shukawa, a Tailan ko a Mirya.

Da wata biyu suka cika na zaunar da ƙanena na zayyana masa duk wannan. Ya saurara har na gama, don a matsayinsa na makanike ya fi ni gane maganar tururi da bututu. Sannan ya ce, "Yaya, ku masu karatu kullum dalilin kada a yi kuke kawowa. Su waɗanda suka yi, da haka suka fara?"

Maganar ta zauna mini, kuma tana da gaskiyarta. A shirin da nake gabatarwa na sha jin matasa na cewa duk ƙofar da suka nufa sai wani babba ya gaya musu abin da ya sa ba za ta buɗu ba, ba wanda ke nuna musu wadda ke buɗe. Shi ya sa ban je masa hannu rabbana ba. A cikin jerin injunan nan akwai guda ɗaya da ba ya son dahuwa, ba ya son soda, ba ya fitar da baƙin ruwa. Kwami ne na ƙarfe mai farfela a gindi, a zuba tsofaffin kwalaye da takardu da ruwa, ya dama su su koma ƙullu, tunda an riga an raba zarensu da ƙaro tun a ƙasar da aka yi su. Daga nan wani inji mai zubi ya tsotsi ƙullun ya fitar da kwalin jera ƙwai, wanda mutanen Kano ke kira kiret. Ruwan da ya tsane komawa yake cikin kwamin. Busarwa kuwa, wadda ke cin makamashi a ƙasashen sanyi, mu rana ce za ta yi mana kyauta wata takwas ko tara a shekara. Kuɗinsa bai kai a taɓa gona ba, kuma kwamin da farfelar ƙanena ya ce zai iya haɗa su da kansa a garejinsu.

Ba mu sayi komai ba tukuna. Na ce masa tambayoyin Inna ba su bar wannan ma ba. Yanzu haka yana da kaye guda da yake rubuta yawan kwalin da ke fita daga kasuwar Dole a mako, da nawa masu tara shi ke sayarwa, da masu kiwon kaji nawa ne a kewayen gari, da inda suke samo kwalin ƙwansu da farashinsa. In lissafi ya fita, mu shiga. In bai fita ba, asararmu kaye ɗaya da bik. Ba ya murna da ni sosai, yana ganin na mayar da shi daga farar takarda zuwa kwalin ƙwai. Maganar Agadas dai ta yi sauƙi, ko da yake ba zan ce ta mutu ba.

Daminar da ta wuce ya ware kunya goma a gonar ya shuka rama zalla. Da ta isa ya ɓare bawon, ya dafa da soda a tsohuwar tukunya, ya wanke, ya kirɓa a turmin da Inna ta daina amfani da shi, ya dama a baho, ya ɗebo da ragar sauro da ya ɗaura a katako. Ruwan dahuwar ma, cikin tukunya ɗaya tak, sai da muka yi shawarar inda za a zuba shi. Falle bakwai suka fito, masu kauri, launin ƙasa-ƙasa, gefensu ba daidai ba. Da muka ɗora alƙalami sai tawada ta baje. Na gaya masa abin da na karanta, cewa masu yin takarda na ƙasashen Musulmi tun zamanin Bagadaza sukan shafe ta da sitaci su goge da dutse mai santsi. Ya shafa koko, ya goge da gindin kwalba, tawada ta tsaya. Falle ɗaya ya kai wa malamin da ya karantar da mu allo, malam ya juya ta gaba da baya, ya tambayi daga wace ƙasa aka kawo. Da aka ce daga gonar hanyar Mirya, sai ya ce a ƙaro masa in an sake yi.

Ga duk wanda irin wannan bidiyo ya shigo wa waya, ko na takarda ne ko na wani abu, shawarata ita ce ya nemi a rubuto masa jerin injunan gaba ɗaya, daga na farko har na ƙarshe, da yawan ruwa da lantarki da sinadarin da kowanne ke ci a rana, da abin da ke fita ta bayansa. Mai sayarwa na gaskiya zai amsa. Wanda ya ce sai an yi magana, a yi maganar tun kuɗi na aljihu. Allah ya sa wa neman matasanmu albarka, ya kuma tsare mana gonakinmu.